Yadda masana ke ƙera tantanin ƙwayar halitta a kan gilashi

Kowace ƙwayar halitta da ke jikin ɗan Adam tana lulluɓe da wani siririn tantani, wanda shi ne ke tantance abin da zai shiga cikinta da abin da zai fita.

Kaurin tantanin kimanin nanomita 5 ne, wato kashi 5 cikin miliyan ɗaya na milimita.

Duk da ƙanƙantarsa, fiye da rabin wuraren da magungunan zamani ke yi wa aiki a jiki, furotin ne da ke maƙale a cikinsa. Ƙwayoyin cuta na bairos ma sai sun manne masa kafin su kutsa ciki.

Sai dai tantanin na asali yana ƙunshe da ɗaruruwan sinadarai a cakuɗe, abin da ke sa nazarinsu ɗaya bayan ɗaya ya yi wuya. Wannan ne ya sa masana ke ƙera sauƙaƙan irinsa a ɗakin gwaji.

Tushen binciken

Ginshiƙin tantanin wasu sinadaran maiƙo ne da ake kira lifid. Kowane ɗaya yana da kai mai son ruwa, da jela biyu masu gudunsa.

Idan suka shiga ruwa sai su jeru sahu biyu, kawuna a waje, jelar kuma a ɓoye a tsakiya. A shekarar 1925 ne masanan ƙasar Holand, Gorter da Grendel, suka bayyana wannan tsari bayan nazarin jajayen ƙwayoyin jini.

A 1962 Paul Mueller da Donald Rudin da abokan aikinsu a Amurka suka shimfiɗa irin wannan tantani a bakin wata 'yar ƙaramar huda da ke tsakanin ruwa biyu. To amma kamar kumfar sabulu yake, cikin 'yan sa'o'i yake fashewa.

Mafita ta zo ne a shekarun 1984 da 1985, lokacin da Harden McConnell da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford suka nuna cewa za a iya kwantar da tantanin a kan gilashi, ya daɗe bai lalace ba.

Hanyoyi biyu

Hanya ta farko ta samo asali ne daga aikin Irving Langmuir da Katharine Blodgett a shekarun 1930.

Akan baza lifid a saman ruwa har ya zama sahu ɗaya, sannan a zaro tsabtataccen gilashi daga cikin ruwan a hankali, sahun ya biyo shi. Daga nan sai a sake nutsar da gilashin domin ya ɗauki sahu na biyu.

Amfanin wannan hanya shi ne ana iya sa wa kowane sahu nau'in lifid daban, kamar yadda lamarin yake a jiki.

Hanya ta biyu ta fi sauƙi. Akan haɗa wasu 'yan ƙananan ƙunsoshin lifid masu faɗin kimanin nanomita 100, a zuba ruwan da ke ɗauke da su a kan gilashi. Sai su manne, su fashe, su bazu, su haɗe da juna cikin 'yan mintoci.

Ba kowane daɓe ne ke karɓar hakan ba. A 1998 Bengt Kasemo da abokin aikinsa a Jami'ar Chalmers ta Suwidin sun nuna cewa ƙunsoshin na fashewa a kan silika, sinadarin da ake yin gilashi da shi, amma a kan zinariya sukan tsaya yadda suke.

Sirrin ruwan tsakani

Tantanin ba ya taɓa gilashin kai tsaye. Akwai ruwa mai kaurin nanomita 1 zuwa 2 a tsakaninsu, kuma shi ne ke bai wa lifid damar zirga-zirga kamar yadda suke yi a ƙwayar halitta mai rai.

Domin tabbatar da hakan, masana kan sa wa wasu daga cikin lifid ɗin launi mai sheƙi, su dusashe wani ɗan wuri da hasken leza. Idan sheƙin ya dawo, alama ce cewa lifid na motsi, tantanin kuma ya haɗu da kyau.

Amfani da iyaka

A 1999 Michael Dustin da abokan aikinsa a birnin St. Louis suka yi amfani da irin wannan tantani wajen kallon yadda ƙwayoyin garkuwar jiki ke tsara furotin ɗinsu a lokacin da suke gane baƙon abu.

Haka kuma ana amfani da shi wajen nazarin yadda dafin cutar kwalara ke kama wani lifid mai suna GM1, da kuma ƙera na'urorin gano dafi da ƙwayoyin cuta.

Sai dai kusancin da ke ba shi ƙarfi shi ne kuma rauninsa. Manyan furotin kan goga jikin gilashin, su daina motsi ko su lalace. Tantanin kan tarwatse da zarar iska ta taɓa shi.

Masana irin su Erich Sackmann na Jamus sun ɓullo da dabarar shimfiɗa wani lallausan matashi na sinadarin polima a ƙarƙashinsa domin ƙara tazarar.

Duk da haka, kwaikwayo ne kawai, ba shi da rai. Saboda haka duk sakamakon da aka samu a kan gilashi sai an sake gwada shi a ƙwayoyin halitta masu rai kafin a dogara da shi wajen haɗa magani.