DAGA RUWAN MAƘERA ZUWA HASKEN LEZA: TARIHIN ƘARA WA KAIFI KWANA

Ko ka taɓa sayen sukundireba sabo fil, kwana biyu bakinsa ya cinye, har ya lalata maka kan ƙusar waya? Matsalar ta girmi kakanninmu, kuma mutanen ƙasar Zazzau sun daɗe suna fama da ita.

A Samaru, masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello sun tono wuraren narka tama da suka haura shekara dubu. Narkawar ba ita ce ƙarshen aiki ba. Ƙarfe in ya yi laushi ya dakushe, in ya cika tauri ya karye. Sai maƙera suka gano dabara: a zuga bakin gatari ko aska har ya yi jawur, a tsoma shi a ruwa ko mai farat ɗaya. In ka fita daga nan Limancin Kona ka leƙa maƙera, har gobe za ka ji wannan "cuuu" ɗin.

Abin da ke faruwa shi ne, idan zafi ya kai wajen digiri 800 zuwa 900, sinadarin kabon yakan baje a cikin ƙarfen. Sanyin gaggawa sai ya kulle shi a nan, ƙarfen ya taurare. Shi ya sa maƙeri ke neman tsohon sifirin mota ya ƙyale rodin gini, don rodi kabon ɗinsa kaɗan ne. Amma fa ruwa ba ya zaɓe. Wani lokaci wuƙar ta lanƙwashe, ko ta tsage.

A 1960 Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a Amurka, a 1964 kuma Kumar Patel ya ƙera mai aiki da iskar CO2, wadda ta fi ƙarfi nesa. Zuwa shekarun 1970 kamfanin General Motors ya fara taurara sassan sitiyarin mota da ita.

Ga inda abin ya burge ni: babu ruwa, babu mai. Hasken yana bin bakin kaifin ne kawai, ya gasa fatar sama cikin ƙiftawar ido, sauran jikin ƙarfen da ke da sanyi ya zuƙe zafin. Wato ƙarfen da kansa ke yin aikin ruwan maƙeri. Waje tauri, ciki laushi. Mu ma masu gyara muna da ƙanwarta, injin da ke ƙone gam don cire gilashin bayan iPhone, sai dai ita ba ta da ƙarfin wannan aiki.

Taurin leza bai cika wuce zurfin milimita 1 ko 2 ba. Don haka in ka kai irin wannan kaya wurin mai washi, ka ce ya bi a hankali. Da ka ga bakin ya koma shuɗi, zafi ya riga ya kwashe taurin.