Tsirkiya, Fiyano da Jinkirin Na'ura: Tarihin Kayan Kiɗan Fage a Ƙasar Gwandu

Makaɗin da ke neman abincinsa a fagen biki, ko a tsohon garin Gwandu ne ko a Kalgo da ƙauyukan da ke bakin fadamar Gulbin Kabi, yana auna abin kiɗa da sharuɗɗa biyu tun kafin ya dubi zaƙin muryarsa: na farko ya amsa hannu nan take, na biyu kada ya ba shi kunya a tsakiyar taro. Da waɗannan sharuɗɗa ne za a fahimci wani abin mamaki a tarihin kiɗan Hausa na zamani, wato yadda al'ummar da ta daɗe da sanin molo da garaya da gurmi da goge ta rungumi fiyano lokacin da kayan lantarki suka iso, alhali jita mai sarrafa na'urar ƙirar sauti, wadda ta fi kama da kayan tsirkiyar da aka gada, ba ta yi kasuwa ba.

Matsayin kayan tsirkiya a wannan yanki ya samo asali ne daga zamanin jihadi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Gwandu na 'yan shekaru tun daga 1805 kafin ya koma Sifawa, kuma da aka raba tafiyar da mulki a 1812 sai yammacin daula ya faɗa hannun ƙaninsa Abdullahi, wanda hubbarensa ke Gwandu har yau. Malaman jihadi sun yarda da gangar da ake tara jama'a da ita da ta yaƙi da ta sanar da aure, amma sun ƙyamaci kiɗan shagala, kuma Abdullahi, a littafinsa Diya'us Sulɗan, ya fi yayansa tsanani a kan wannan mas'ala, domin Shehu ya sassauta a Najmul Ikhwan. Abin da ya biyo baya shi ne kiɗan fada ya tsaya a kan tambari da kotso da taushi da kakaki da algaita, irin kiɗan da Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Ɗanƙwairo da Aliyu Ɗandawo suka shahara da shi a ƙarni na 20, su kuma kayan tsirkiya suka zauna wajen mafarauta da 'yan bori da samarin dandali da gidajen biki, inda makaɗi ba shi da ubangidan da zai ci da shi duk shekara, sai abin da 'yan kallo suka liƙa masa a daren.

Mai irin wannan sana'a yana buƙatar kayan da zai gyara da hannunsa. Gurmi ƙoƙo ne da aka rufe da fata aka soka masa sanda, goge ƙwarya ce da tsirkiyar tsagiya, wato gashin wutsiyar doki, kuntigin da Ɗanmaraya Jos ya zagaya duniya da shi kuwa gwangwanin kifi ne mai tsirkiya ɗaya. Idan fata ta saki saboda raɓar asuba ko laimar damina sai a kanga ta a wuta ta ɗame, idan tsirkiya ta tsinke sai a ɗaura wata kafin 'yan amshi su gama maimaita gindin waƙa, wato ɗan baitin da ake komawa gare shi bayan kowane ɗa na waƙar. Mafi muhimmanci shi ne babu wani tsaiko tsakanin yatsa da kunne, don haka idan wani mai hali ya shigo fage, sanƙira ya ambaci sunansa, makaɗi yana iya juya kiɗa zuwa takensa a cikin numfashi ɗaya, kuma a wannan juyi ne kuɗin daren yake.

A wasu nahiyoyi kuma, cikin shekarun 1970, masu ƙera kayan kiɗa suka tashi neman hanyar da mai jita zai mallaki muryoyin na'urar ƙirar sauti, wato injin da ke haɗa sauti daga wutar lantarki har ya kwaikwayi sarewa ko ƙaho ko abin da babu shi a duniya. Kamfanin Roland na Japan ya fitar da GR-500 a 1977, a shekarar kuma kamfanin ARP na Amurka ya fitar da Avatar, wadda ta ci masa dukiya ba ta samu masaya ba, har ta zama ɗaya daga cikin dalilan durƙushewarsa a 1981. Dabarar da aka bi ita ce a dasa wani ɗan maganaɗisu mai baki shida a ƙarƙashin tsirkiyoyin jita, kowace tsirkiya da nata baki, ta yadda na'ura za ta saurari kowace ita kaɗai, ta gane muryar da aka kaɗa, sannan ta umarci injin ya fitar da irinta. Wannan aikin ganewa shi ake kira bin sawu, ɗan lokacin da yake ci kuma shi ne jinkiri.

Jinkirin yana da tushe a cikin halittar sauti kanta, shi ya sa ƙwarewar injiniya ba ta iya kawar da shi gaba ɗaya ba. Muryar tsirkiya tana tsayawa ne a kan yawan karkarwarta a sakan ɗaya, kuma tsirkiya mafi kauri a jita tana karkarwa kusan sau 82, ma'ana kowane zagaye yana cin milisakan 12, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Na'ura ba za ta san muryar ba sai ta ji zagaye ɗaya ko biyu cikakku, kamar tafintan da ba ya buɗe baki sai mai magana ya kai aya, ga shi kuma farkon kaɗawa cike yake da ƙarar karcewar farce wadda ke ruɗa lissafi. Saboda haka a kan tsirkiya mai kauri jinkiri yakan kai milisakan 25 ko ya wuce, yayin da siririyar tsirkiya, mai karkarwa kusan sau 330, take amsawa da sauri. Tun da sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan, milisakan 25 daidai yake da mutum ya kaɗa abu a hannunsa ya ji ƙararsa daga nisan mita takwas da wani abu. Babban lahanin ma shi ne jinkirin ba ɗaya ba ne a kan duk tsirkiyoyi, don haka hannu ba ya samun abin da zai saba da shi.

Bayan jinkiri akwai kuskuren bin sawu, inda na'ura kan fitar da muryar da ba a kaɗa ba idan yatsa ya goga tsirkiya ko ya ɗaga ba da tsabta ba. Masu ƙira sun bi hanyoyi daban-daban don kauce wa wannan. GR-300, wadda ta fito wajen 1980, ta gina sautinta kai tsaye a kan karkarwar tsirkiya, don haka ta yi saurin amsawa duk da ƙarancin muryoyinta, kuma makaɗin Amurka Pat Metheny ya riƙe ta shekaru da dama. Bayan an amince da tsarin MIDI a 1983, wato yaren lambobi da kayan kiɗan lantarki ke magana da juna da shi, sai GR-700 ta 1984 ta zo da muryoyi masu yawa amma ta yi ƙaurin suna wajen jan ƙafa. SynthAxe ta Ingila da DG-20 ta kamfanin Casio, wadda ta fito a 1987, sun daina sauraron tsirkiya kwata-kwata, suka koma gane inda yatsa ya danna ta hanyar lantarki, abin da ya kawar da jinkiri amma ya mai da jita fiyano a ɓoye.

A nan ne dalilin nasarar fiyano yake fitowa fili. Kowane maɓallin fiyano makunni ne, da zarar an danna shi injin ya san muryar ba tare da sauraro ko kintace ba. A Nijar, Mamman Sani ya naɗi kiɗan ƙasarsa da ogan ɗin lantarki ƙirar Italiya tun a 1978, a Kano kuma, bayan finafinan bidiyo sun kunno kai da Turmin Danya a 1990, ɗakunan naɗar sauti irin na Iyan-Tama suka sayi fiyanon Yamaha samfurin PSR a tsakiyar shekarun 1990, har fim ɗin Sangaya na 1999 ya nuna cewa mutum ɗaya zai iya fitar da abin da ya yi kama da sarewa da kalangu da goge daga akwati guda. Kaset-kaset ɗin waɗannan waƙoƙi sun bi motocin kasuwa ta Gusau da Sakkwato da Jega har Birnin Kabi, wadda ta zama hedikwatar jiha a 1991, daga nan suka shiga gidajen biki na Gwandu da Kalgo. Ƙarfin wannan salo ya kai ga cewa ko Mdou Moctar, shahararren mai jita na Abzinawan Nijar, da ya zo Sakkwato a 2008 ya naɗi faifansa na farko mai suna Anar, da gangar na'ura da gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa aka yi masa aikin.

Akwai kuma wani cikas da ya shafi kiɗan Hausa musamman. Tsarin MIDI ya yanka muryoyi zuwa matakai tsayayyu, alhali goge da kukuma da gurmi ba su da ƙarafan da ke raba sanda mataki-mataki, kuma armashinsu yana cikin zamewa daga murya zuwa murya don kwaikwayon hawa da saukar maganar Hausa. Wasu kayan ma, kamar garaya, da gangan ake maƙala musu ƙarfe mai zobba a ƙarshen sanda don ya riƙa kaɗawa tare da tsirkiya, kuma wannan zizar da kunnen Bahaushe ke nema ita ce ainihin abin da ke rikita na'urar bin sawu. Ga kuma sharaɗin amana, wato tabbacin cewa kaya za su yi aiki daga farkon wasa zuwa ƙarshensa. Jitar na'ura tana buƙatar waya ta musamman mai ƙusoshi 13 wadda ba a samun madadinta a shagon mai gyaran rediyo, ƙurar hunturu tana shiga bakinta, zafin bazara a Kabi yakan haura digiri 40, kuma duk da cewa tafkin Kainji, wanda aka kammala madatsarsa ta samar da wutar lantarki a 1968, ya miƙo har ƙasar Yawuri, yawancin bukukuwa da janareta ake yinsu, wutarsa kuwa hawa da sauka take yi.

Sai dai nasarar fiyano ta zo da farashinta. Gangar da ke cikin injin tana tafiya da gudu ɗaya da aka saita, saboda haka mawaƙi ne ya koma bin kiɗa, maimakon makaɗa su bi shi kamar yadda masu kalangun Shata ko na Gambu suka riƙa yi. Da kwamfuta da manhajoji irin su FL Studio suka karɓi aikin ɗakin naɗi, sai aka ƙara taku ɗaya: a bukukuwa da yawa mai sa kiɗa ne ke kunna waƙar da aka riga aka naɗa daga filashi ko waya, mawaƙi kuma ya yi mamin, wato ya bi ta da baki. Da haka aka rabu da jinkiri da kuskure baki ɗaya, amma aka rabu har da ikon juya kiɗa don wanda ya shigo fage, shi ya sa sunayen amarya da ango da iyayen biki suka koma abin da ake biya a saka a waƙa tun kwanaki kafin taro.

Fasahar jita kuwa ba ta tsaya ba. GR-55 ta 2011 ta rage jinkiri sosai, SY-300 ta kamfanin Boss kuma, wadda ta fito a 2015, ta koma dabarar sarrafa sautin tsirkiya kai tsaye ta wayar jita ta yau da kullum, ba tare da jiran ganewa ba. Irin wannan na'ura tana bin zamewar murya yadda take, don haka a ƙa'ida za ta karɓi gurmi ko kukumar da aka dasa wa abin ɗaukar sauti. Sharaɗin farko na makaɗin fage ya kusa cika ke nan, saura na biyu, wanda ba ya hannun masu ƙira a Japan, domin ya rataya ne a kan wuta mai ɗorewa, da farashin da kuɗin liƙi zai iya biya, da samun mai gyara a Birnin Kabi ko Jega.