Dajin Rugu da sulhun da bai riƙe ba

Dattawanmu na Ruma ba baƙin hari ba ne. A ƙarni na 19 mayaƙan Maraɗi sun riƙa ratsowa ta wannan yanki, har garuruwa suka watse. Amma wancan yaƙin sarakuna ne. Abin da ya fito daga Dajin Rugu a zamaninmu da satar shanu ya fara, makiyayi ya kai kuka ba a share masa hawaye ba, 'yan sa-kai suka ɗauki doka a hannu, sai bindiga ta shigo, aka koma sace mutane don kuɗin fansa.

Tsohon Gwamna Aminu Bello Masari ya yi sulhu da 'yan bindiga, ya sake yi a 2019. Ni dai ban ga amfaninsa ba. A Fabrairun 2020 aka kashe kusan mutum 30 a Tsauwa da Dankar, ƙasar Batsari; a Afrilu ƙauyukan Safana suka ɗanɗana. A 2021 aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin dabbobi, talaka ne ya fi jin jiki.

Masu kai wa 'yan bindigar labari da mai kuwa, cikinmu suke kwana.