Asalin Injin Hannu a Ƙasar Haɗejiya

Duk wanda ya san fadamar Haɗejiya ya san cewa tun zamanin kakanni arzikinta a bakin kogi yake, domin idan ruwa ya malala da damina ya janye da kaka, sai ya bar wa manomi laka mai albarka, ya bar wa masunci kifi, ya bar wa makiyayi ɗanyar ciyawa. Amma sarrafa wannan ni'ima da ƙarfin damtse ake yi, namiji yana jan jigo a lambu, mace tana turara shinkafa ta shanya, sa'an nan ta surfe ta a turmi har ɓuntu ya fita. Haka al'amari ya gudana har jirgin ƙasa ya ratsa Malam Madori zuwa Nguru a shekarar 1930, hanyar da ta fitar da gyaɗa ta kuma sauƙaƙa shigowar ƙarfe mai nauyi.

Injin casar da ya yi suna a kasuwanninmu, mai gurza shinkafa da sandar ƙarfe, asalinsa ƙirƙirar wani mutumin Brazil ne mai suna Engelberg, aka kafa kamfanin ƙera shi a Amurka a 1888, kuma galibi injin Lista na Ingila ke juya shi da bel. Yana karya ƙwaya, ba ya tsince tsakuwa, amma yana da wata falala guda wadda ta rinjayi aibinsa, wato bakanike da maƙeri suna iya buɗe cikinsa su fahimce shi, in rariya ta yage su yanko wata su ɗaura. Wannan falala ita ce ta raya shi shekaru da dama bayan ƙasashen da suka ƙera shi sun yi watsi da shi.

Daga baya hukuma ta sa hannu a kogin. An gama madatsar Tiga a 1974, aka kafa hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are a 1976, aka gama madatsar Challawa a 1992, malalar da aka saba ta ragu ƙwarai, mutanen ƙasan kogi suka koka, kuma da hujja suka koka. A tsakanin haka hukumar raya noma da karkara ta KNARDA ta yaɗa ƙananan injinan ban-ruwa da rijiyoyin burtsatse a fadama, jigo ya kwanta, noman rani ya bunƙasa. Sai dai a 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP, darajar naira ta faɗi, sabon inji ya fi ƙarfin matsakaicin ɗan kasuwa, masana'antun Bompai da Sharaɗa suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya ana gwanjon kayansu. Alal haƙiƙa daga wannan lokaci ne sayen na hannu ya zama sunnar mai ƙaramin jari. Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, shinkafar gida ta yi daraja, sai masu casa suka shiga neman injin tsince tsakuwa da na goge ƙwaya, har da na'urar nan mai ido wadda ke duban shinkafa tana zuba, ta hure baƙar ƙwaya da iska cikin ƙiftawa.

To, irin wannan tafarki na cinikin na hannu ne mutum-mutumin masana'anta ya bi a ƙasashen da suka riga mu. Na farkonsa, Unimate, wanda George Devol ya ƙirƙira, ya fara aiki a kamfanin motoci na General Motors a 1961, yana ɗauko narkakken ƙarfen da aka zuba ya daskare yana da zafi. Mutanen Japan suka karɓi ilmin ta hannun kamfanin Kawasaki, sannan kamfanonin FANUC da KUKA da ABB suka cika duniya da shi. Da yake masu ƙera motoci sukan sauya kayan aiki duk sa'ad da suka sauya samfurin mota, alhali hannun ƙarfen bai gaji ba, sai wasu 'yan kasuwa suka ga fa'ida a nan: su saya, su kwance shi gaɓa-gaɓa, su sauya giya da wayoyi da man gaɓoɓi, su gwada daidaitonsa, su sayar wa ƙaramar masana'anta a kusan rabin kuɗin sabo, tare da alkawarin gyara na wani wa'adi. Walda da jera buhuna suna daga cikin ayyukansa, kuma jera buhu aiki ne da kowace ma'aikatar shinkafa ta sani.

Malaman fiƙihu sun daɗe da tabbatar da cewa wanda ya sayi haja ya tarar da ɓoyayyen aibi yana da zaɓin mayarwa, kuma sun hana cinikin da ke cikin garari. Wannan ƙa'ida ta fi wajaba a nan fiye da ko'ina, domin aibin Lista kunne na jin sa tun daga bakin ƙofa, amma aibin mutum-mutumi yana cikin akwatin kwamfutarsa, wadda mai yiwuwa kamfanin ya daina ƙera kayan gyaranta. Ga kuma wutar lantarki da ba ta tsayawa a kan hali guda, ga ƙurar ɓuntu, ga 'yan dako masu yawa da ladansu bai kai kuɗin dizal ba.

Saboda haka a ganina, mai ma'aikata a Haɗejiya ko Auyo da ke sha'awar wannan na'ura ya fara tura yaronsa koyon lantarki da sarrafa kwamfuta, ya tanadi tsayayyiyar wuta, ya karɓi sharaɗin mayarwa a rubuce gaban shaidu, kafin ya miƙa ko kwabo.