Maraɗi Bayan Ambaliyar 1945: Abin da Magina Suka Hau Tudu da Shi

Duk wanda ya ratsa sabbin unguwannin Maraɗi, musamman filayen da ake yankawa ta wajen hanyar Tibiri da ta Jiratawa, zai ga wani salon gini da ke ƙara samun karɓuwa. Gida ne na bulo da siminti, mai rufin kwano da ƙofar ƙarfe, amma an kafa masa zankwaye a kusurwoyi, an zana dagi a goshin ƙofa, an shafa masa fenti mai launin jar ƙasa. Masu irin waɗannan gidaje kan ce sun yi ginin gargajiya. Tarihin garin kansa yana da abin faɗa a kan wannan magana, domin Maraɗin da ake gani a yau sabon gari ne da aka zana a takarda, kuma an taɓa fuskantar wannan tambaya a cikinsa: me ake ɗauka daga tsohon gida idan za a gina sabo?

Asalin garin yana cikin kwarin Gulbin Maraɗi. Bayan da masu jihadi suka ci birnin Katsina a 1807, zuriyar sarakunan Haɓe ta yi ta gudun hijira har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa ma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, sun kafa sabuwar hedikwatarsu a Tibiri. Garuruwan biyu na masu gudun hijira ne da ke zaune cikin shirin yaƙi, saboda haka aka zaɓi kwari mai duhuwar itatuwa, aka kewaye gari da kariya, aka bar lunguna ƙanana masu karkacewa. Kwarin ya ba su ruwa da ƙasar noma, ya kuma ba su yumɓun gini a bakin ƙofa.

Ruwan da ya raya garin shi ya ci shi. A damanar 1945 gulbi ya cika ya tumbatsa, gidajen ƙasa suka jiƙe suka zube. Hukumar mulkin mallaka ta Faransa ta yanke shawarar mayar da garin kan tudu, inda ofisoshinta suke. Aka auna filaye, aka shata tituna masu faɗi miƙaƙƙu, aka keɓe wa fadar Sarkin Katsina wuri da dandali a gabanta. Unguwanni irin su Bagalam da Ƴandaka da Maradawa da Limanci da Ɗan Gulbi suka hau tudu da sunayensu.

Zanen titunan na Bature ne, amma abin da ke bayan katanga na Bahaushe ne. Maginan da suka yi aikin sun gaji sana'ar daga iyayensu. Sun kwaɓa ƙasa da ciyawa, sun mulmula tubali, sun jera shi tsaye cikin laka, katanga ta yi kauri a gindi tana sirancewa zuwa sama. Sun yi rufi da azara ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, inda kuma ake son ɗaki mai faɗi sai a ɗaure bakan gizo. An shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ruwa ya riƙa zamewa, aka sa indararo ya kai ruwan soro nesa da gindin gini.

Abin da ya fi waɗannan duka muhimmanci shi ne tsarin gidan. Zaure ne ke fuskantar titi. Nan maigida yake karɓar baƙi, nan malam yake karantar da almajirai, nan ake ɗaurin aure da zaman makoki, nan matafiyi yake samun wurin kwana. Daga zaure sai ƙofar gida, sai shigifa, sannan a isa tsakar gida inda mata suke daka da girki da sana'o'insu cikin sutura. Ba a jera ƙofofin a kan layi ɗaya, don kada idon mai wucewa ya kai ciki. Da wannan tsari mutanen Maraɗi suka mayar da filayen da aka auna da igiya suka zama unguwannin Hausa.

Zanko kansa yana da aiki kafin ya zama ado. Yana ƙara nauyi a kusurwar rawanin gini, wurin da ruwan sama ya fi ci, kuma magini kan sarƙafa igiya a jikinsa idan zai yi yaɓe bayan damana. Zanen bango kuwa ya fi bunƙasa a gidajen attajirai da masu sarauta, kamar yadda ake gani har yanzu a unguwar Birni ta Damagaram.

Canji ya zo tare da kuɗi. Cinikin gyaɗa a shekarun 1950 da 1960, sannan fataucin kaya tsakanin Maraɗi da Katsina da Kano, sun haifar da rukunin ƴan kasuwa da Emmanuel Grégoire ya yi nazarinsu a littafinsa na 1986 kan Alhazan Maraɗi. Gidan siminti ya zama shaidar arziki, ginin ƙasa kuma aka fara ganinsa kamar alamar rashi. Akwai dalilai na zahiri ma: gidan ƙasa yana son yaɓe kowace shekara, giginya ta yi ƙaranci, wanda ya ga abin da ruwa ya yi a kwari kuwa ba zai raina bulo ba. Garin ya yi ta faɗaɗa zuwa Sabon Gari da Zariya da Ali Ɗan Tsoho, har ƙidayar 2012 ta sami mutane kusan 267,000 a cikinsa. Da fili ya yi tsada, zaure ne ya fara tafiya, aka mayar da wurinsa shago ko garejin mota.

Ba Maraɗi kaɗai ke marmarin tsohon salo ba. A Ingila an fara gina unguwar Poundbury a 1993 da kamannin garuruwan da, a Doha ta ƙasar Katar kuma an sake gina kasuwar Souq Waqif a tsakiyar shekarun 2000 da siffarta ta dā. Ana yaba wa irin waɗannan wurare idan sun dawo da tafiya a ƙasa da cuɗanyar jama'a, ana kuma sukarsu idan fuskar gini kawai suka ara. Ma'aunin ɗaya ne a Maraɗi. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, kuma ɗakin bulo mai rufin kwano ba ya kwantuwa sai da fanka, ko an kafa masa zanko goma. Katangar ƙasa mai kauri ita ce ke riƙe zafin rana ta hana shi shiga ɗaki sai dare ya yi.

A cikin Nijar akwai misalan da suka nuna cewa ana iya ɗaukar aikin gargajiya tare da adonsa. Masallacin Yama a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Tun daga 1980 aka fara koya wa magina rufin ƙasa marar itace, mai kubba da baka, don rage saran itatuwa. A Yamai an kammala gidajen da ake kira Niamey 2000 a 2016 da bulon ƙasa matsattse, a Dandaji kuma Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili suka gina sabon masallaci da irin wannan bulo, suka mayar da tsohon ya zama ɗakin karatu a 2018, tare da maginan wurin.

Bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba 2015, wanda aka yi wa laƙabi da Maraɗi Kwalliya, ya kawo wa garin sabbin tituna da gine-gine. Sunan ya dace da zancen, domin Hausawa kan tambaya ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Zanko da dagi a kan siminti ba laifi ba ne, suna tuna wa yaro inda ya fito. Sai dai mutanen 1945 sun hau tudu da zaure da tsakar gida da ilimin ƙasar da suke takawa, adon ya biyo baya. Tsofaffin maginan da suka san ɗaurin bakan gizo suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu za su iya auna tsofaffin zaurukan Bagalam da Limanci da na Tibiri, su rubuta kalmomin sana'ar daga bakin masu ita, su haɗa su da ɗaliban koyon gini, su kuma nemi masu yanka filaye su bar wa kowace sabuwar unguwa dandali da inuwa, tun kafin a ɗora bulo na farko.