Ƙwallon Ƙafa a Ƙasar Kazaure: Kofin Ciyaman da Kuɗin Karo-karo

Kafin ƙwallon fata ta iso ƙauyukan Roni da Gwiwa, samari suna da abin da ke tara su a dandali: kokawa bayan an gama girbi, dambe idan mahauta sun zo gari, langa da daddare. Ƙwallo ta biyo makarantar boko ne ta shigo. Malamin firamare shi ne koci, shi ne alƙalin wasa, kuma a ofishinsa ake kulle ƙwallo ɗaya tilo ta makaranta. Yaran da ba su samu shiga ba sai su ƙulla tamaula da tsumma su koma lungu.

A lokacin duk wannan yanki Kano ne, kuma Kano ce madubin mai sha'awar wasa. Ƙungiyar Kano ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 1953, Raccah Rovers ta lashe gasar lig a 1978, sannan a 1990 aka haɗe WRECA da Golden Stars da Bank of the North aka samar da Kano Pillars. Saurayin da ƙafarsa ta yi suna a Kazaure ko Babura, motar Kano yake hawa ya je gwaji.

Ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Babangida ta ƙirƙiro Jigawa, hedikwata ta koma Dutse. A takarda, harkar ƙwallon yankin ta koma can. Amma hanya ba ta san takarda ba: daga Kazaure, kan titin Daura, Kano ta fi kusa, kuma mai zuwa Dutse sau da yawa sai ya ratsa ta ƙasar Kanon. Shi ya sa ko da Jigawa Golden Stars ta haura babbar gasar ƙasa a 2019, ta kuma faɗo a 2021, a majalisun masu shayi hirar Pillars ba ta ragu ba, ƙungiyar da ta ci lig a 2008, ta sake ci sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014.

Tsarin ƙwallon Najeriya hawa-hawa ne: NPFL a sama, NNL a tsakiya, Nationwide League One a ƙasa, sai gasannin jihohi. Mafi yawan kulob-kulob na unguwa a nan ba su taka ko matakin farko ba, domin rajista da kuɗin mota da masauki sun fi ƙarfin aljihunsu. Abin da ke riƙe da su shi ne karo-karo. Tela ya bayar, ɗan acaɓa ya bayar, wani ɗan gari da ke aiki a Abuja ya aiko da jesi. Ranar wasa a share filin firamare, a ja layi da toka, a ɗaura igiya tsakanin sanduna biyu idan babu ƙarfen raga. 'Yan kallo su ne katanga. Idan aka ci, sai sun cika fili da gudu, alƙali ya yi ta busa usur kafin a koma. Baƙi kuwa a bayan a-kori-kura suke zuwa, 'yan wasa da magoya baya a cakuɗe.

Kalandar ma ba ta hukuma ba ce. Damina ta sauka, rabin 'yan wasa suna gona, wani filin ma an shuka gero a gefensa. Sai kaka ta wuce ake buɗe gasa.

Tun dawowar mulkin farar hula a 1999, kofi ya zama na 'yan siyasa: kofin ciyaman, kofin ɗan majalisa, kofin mai neman takara. Ba laifi ba ne, don kuɗin da ake rabawa yana sayen takalma da ƙwallaye. Illarsa ita ce gasar tana bin zaɓe: ana gama ƙirga ƙuri'a, sai a nemi kofi a rasa. Ga kuma gidajen kallo, inda saurayi zai biya kuɗi ya zauna a benci don Arsenal ko Barcelona. Masu shirya wasan gari sun koyi darasi, yanzu sai sun duba jadawalin Ingila kafin su sa ranar wasan ƙarshe.