Tarihin Tafiyar Ɗan Adam Zuwa Sararin Samaniya

Tafiyar ɗan Adam zuwa sararin samaniya ta soma ne ranar 12 ga Afrilun 1961, lokacin da wata roka ta ɗaga daga Baikonur, a Kazakistan ta yau, ɗauke da Yuri Gagarin, matuƙin jirgin yaƙin Sobiyet ɗan shekara 27. Kumbonsa, Vostok 1, ya kewaya duniya sau ɗaya, tafiyar duka minti 108. Ba a ƙera kumbon yadda zai sauka a hankali da mutum a cikinsa ba, don haka da ya rage kamar kilomita 7 sai aka cillo Gagarin, ya sauko da lema cikin wata gona a yankin Saratov. Wata mata da jikarta ne suka fara yin kiciɓis da shi, yana sanye da tufa mai ruwan lemo. Hukumomin Sobiyet sun yi shekaru suna ɓoye zancen lemar nan.

Ba neman ilimi ne ya fara tura mutum sama ba, yaƙin cacar baka ne. Rokar da ta harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko, a watan Oktoban 1957, an tsara ta ne tun asali don ta kai makamin nukiliya Amurka, kuma daga zuriyarta aka samu wadda ta ɗauki Gagarin. Sergei Korolev, injiniyan da ya jagoranci aikin, ya taɓa shan ɗauri a sansanonin gwale-gwale na Stalin, kuma ba a bayyana sunansa ga jama'a ba sai da ya mutu a 1966. A ɓangaren Amurka kuwa akwai Wernher von Braun, wanda ya ƙera wa Hitila rokar V-2.

Amurka ta ji ciwon shan gabanta da aka yi. Alan Shepard ya yi tsalle na minti 15 a watan Mayun 1961, bai ko kewaya duniya ba, amma kwana 20 bayan haka Shugaba Kennedy ya tsaya gaban majalisa ya ɗauki alkawarin kai mutum duniyar wata a dawo da shi kafin 1970. A lokacin babu taurarin sadarwa da za su haɗa kumbo da gida, sai hukumar NASA ta kakkafa tashoshi a sassan duniya, kowace ta karɓi kumbon na 'yan mintuna ta miƙa wa ta gaba. Ɗaya daga cikinsu tana Kano. Da John Glenn ya kewaya duniya sau uku a watan Fabrairun 1962, tashar Kano na cikin waɗanda suka yi magana da shi.

Sobiyet ta ci gaba da tara lambobin "na farko". Valentina Tereshkova, tsohuwar ma'aikaciyar masaƙa, ta kewaya duniya sau 48 a 1963. A watan Maris na 1965 Alexei Leonov ya fita daga kumbo ya yi shawagi na minti 12, sai rigarsa ta kumbura ta sandare har ya kasa komawa ta ƙofa. Dole ya buɗe mashigar iska ya rage iskar da ke riƙe da ransa kafin ya kutsa ciki. Garaje irin wannan ya ci rayuka a 1967: gobara ta kashe Amurkawa uku cikin Apollo 1 ana tsakar gwaji a ƙasa, sannan lemar Soyuz 1 ta harɗe, Vladimir Komarov ya faɗo ya mutu.

Ranar 20 ga Yulin 1969 Neil Armstrong da Buzz Aldrin na Apollo 11 suka sauka a wata, Michael Collins yana kewayawa a sama yana jiran su. Shirin Apollo ya ci wajen dala biliyan 25 a kuɗin wancan zamani, ya ɗauki ma'aikata kimanin 400,000. Ba kowa ne ya yi tafi ba. Ana jajibirin tashin Apollo 11, Ralph Abernathy, magajin Martin Luther King, ya ja ayarin talakawa da keken alfadarai zuwa ƙofar filin harba rokar, yana tambayar yadda ƙasar da ke da mayunwata za ta zuba wannan dukiya a sama. Mutum 12 ne suka taka wata a sauka shida. Da aka ci gasar sai sha'awa ta dushe, aka soke sauran tafiye-tafiyen, kuma tun Disamban 1972 ba wanda ya sake sa ƙafa a can.

Daga nan aka koma kusa da gida. Sobiyet ta mai da hankali kan tashoshin zama a sama, daga Salyut a 1971 zuwa Mir, inda likita Valeri Polyakov ya shafe kwana 437 a jere. Amurka ta ƙera kumbo mai fukafukai da ke sauka kamar jirgi, ya yi tashi 135 tsakanin 1981 da 2011. An yi fatan zai yi araha, bai yi ba, kuma sau biyu ya hallaka mutum bakwai-bakwai: Challenger a 1986, saboda wata roba da sanyi ya ƙandarar, da Columbia a 2003, saboda ɓallin soso da ya huda fiffike tun wajen tashi. A duka biyun bincike ya gano cewa injiniyoyi sun nuna damuwa, shugabanni suka yi biris.

Tashar ƙasa da ƙasa, wadda tsofaffin abokan gaban nan biyu suka haɗu da Turai da Japan da Kanada suka gina, ba ta rabu da mutane ba tun Nuwamban 2000. Tsayinta daga ƙasa kimanin kilomita 400 ne, kusan nisan Kano zuwa Abuja, tana kuma gama kewaye ɗaya cikin minti 90. Ke nan rana tana fitowa ta faɗi sau 16 a yini. Wannan ya ta da tambayar fiƙihu a 2007, lokacin da Sheikh Muszaphar Shukor na Malesiya zai tafi cikin watan azumi: ina alƙibla, kuma agogon wa zai bi? Malaman ƙasarsa suka fitar da jagora cewa ya bi lokutan wurin da ya tashi, ya fuskanci alƙibla gwargwadon iko. Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ne Musulmin farko da ya je sama, a 1985. A wani ɓangaren kuma, Sin ta tura Yang Liwei sama a 2003, yanzu tana da tasharta, Tiangong, kuma tun 2020 kamfanin SpaceX ke jigilar 'yan sama jannatin Amurka.

Ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Gaskiya ita ce, amfanin sama da talaka ke gani, hasashen damina da talabijin da taswirar waya, taurari marasa mutum ne ke kawo shi, kuma na'urori sun je duniyar Mas da bayanta ba tare da sun nemi abinci ko hanyar dawowa ba. Amma hannun mutum yana da ranarsa. 'Yan Apollo sun kwaso duwatsu kilo 382, da yawansu zaɓaɓɓu da ido, alhali na'urorin Luna uku na Sobiyet ba su haɗa rabin kilo ba. Daga waɗannan duwatsu ne ra'ayin cewa wata ya samu ne bayan wani babban karo da duniya ya yi ƙarfi. Haka nan da aka harba madubin hangen nesa na Hubble da aibi a 1990, mutane ne suka hau suka gyara shi a 1993.

Babban cikas har yanzu jikin mutum ne. Inda babu nauyi, ƙashi yana zaizayewa da kusan kashi ɗaya cikin ɗari a kowane wata, tsoka tana saki, ruwan jiki yana taruwa a kai har ya taɓa ganin wasu. Shi ya sa mazauna tashar ke motsa jiki awa biyu kullum, ɗaure da igiyoyin roba a kan injin gudu. Ruwan da suke sha yawancinsa daga gumi da fitsarinsu ake tace shi. Duk da haka suna cikin garkuwar maganaɗisun duniya, kuma in ciwo ya yi tsanani ana iya sauko da mutum cikin sa'o'i. Mai zuwa Mas ba shi da wannan gata: tafiyar wata shida zuwa tara ce cikin tururin da ke ƙara haɗarin ciwon daji, saƙo kuma kan ɗauki har minti 20 kafin ya iso. Saboda haka Amurka, da shirinta na Artemis, da Sin duk wata suka fara nufa, musamman kudancinsa, inda ake da shaidar ƙanƙara cikin ramukan da rana ba ta leƙawa, wadda za a iya mayarwa ruwan sha da iskar numfashi da man roka.